Takardar neman biya ta koma lambobi: yadda asibitocin Amurka da Faransa ke bin bashinsu ta hanyar na'ura

Kowace rana ta Allah, asibitoci da gidajen likita na ƙasar Amurka suna aika miliyoyin takardun neman biya zuwa ga kamfanonin asiransi da asusun gwamnati, amma galibin takardun nan babu mahalukin da ya taɓa riƙe su a hannu. Ba su da tawada, ba su da hatimi ko tambur. Jerin haruffa ne da lambobi, waɗanda na'ura mai ƙwaƙwalwa ta wannan gida take miƙa wa ta wancan gida cikin ƙiftawar ido. Idan jerin ya bi ƙa'ida, kuɗi su shigo cikin mako biyu ko uku. Idan kuwa lamba ɗaya ta kauce daga gurbinta, sai a maido da takardar, albashin ma'aikata da kuɗin sayen magani su tsaya jira. Wannan ƙa'ida ta jera labari ita ce abin da ya kamata mai karatu ya fahimta, musamman ma'aikacin da ke riƙe da lissafin kuɗin lafiya.

Ciniki ɗaya, mutum uku

A kasuwa ciniki na mutum biyu ne: mai saye ya ba da kuɗi, mai sayarwa ya ba da kaya, kowa ya kama gabansa. A sha'anin asiransin lafiya kuwa mutum uku ne. Akwai maras lafiya da aka yi wa magani, akwai likitan da ya yi aikin, sannan akwai mai biya, wanda bai ga maras lafiyar ba, bai kuma halarci wurin aikin ba. Mai biyan nan yana iya zama kamfani, yana iya zama gwamnati. A Amurka, tun shekarar 1965 gwamnati ta kafa asusu biyu: Medicare, wanda ke ɗaukar nauyin waɗanda suka kai shekara 65 da wasu naƙasassu, da Medicaid, wanda ke taimakon masu ƙaramin ƙarfi. Sauran jama'a galibinsu suna ƙarƙashin kamfanoni masu zaman kansu, ta hannun wuraren da suke aiki.

Tun da mai biya bai ga komi da idonsa ba, dole a rubuta masa bayani. Yana so ya san wa aka duba, wa ya duba shi, a wace rana, a wane wuri, wace cuta aka samu, wane aiki aka yi, kuma nawa ne kuɗin. Waɗannan tambayoyi bakwai su ne ƙashin bayan kowace takardar neman biya a duniya, ko a kan takarda take ko cikin na'ura.

A zamanin takarda, Amurka ta tsayar da samfuri biyu waɗanda har yanzu ana amfani da su jefi-jefi. Na likitoci shi ne CMS-1500, mai gurabe 33, wanda ake bugawa da jar tawada don na'urar karatu ta tsallake layukan ta ɗauki rubutun kawai. Na manyan asibitoci shi ne UB-04, mai gurabe 81, wanda ya maye gurbin wani tsohon samfuri a shekarar 2007.

Harsuna ɗari huɗu a gari ɗaya

Da na'urori suka shiga birori, kowane kamfanin asiransi sai ya ƙirƙiro nasa tsarin karɓar takardu. Wannan yana son sunan maras lafiya a farko, wancan yana son lambarsa a farko. Wani yana rubuta kwanan wata da shekara a gaba, wani da shekara a ƙarshe. Ma'aikatar lafiya ta Amurka ta ƙiyasta cewa kafin a daidaita al'amarin, tsare-tsare kimanin 400 ne ake aiki da su a ƙasar. Asibitin da ke hulɗa da kamfanoni hamsin sai ya koyi harsuna hamsin, ya kuma biya ma'aikatan da za su riƙa fassara daga wannan zuwa wancan. Kuɗin da ya kamata su tafi ga magani sai suka riƙa zurarewa a biro.

Maganin wannan matsala ya samo asali ne daga wajen masu jigilar kaya. A shekarar 1948, lokacin da aka toshe hanyoyin birnin Barlin na Jamus, aka koma kai wa mutane abinci da gawayi ta jiragen sama, wani sojan Amurka mai suna Edward Guilbert ya tsara takardar kaya iri ɗaya wadda kowane jirgi zai bi, ko da wane harshe matuƙinsa ke yi. Daga baya kamfanonin jiragen ƙasa da na manyan motoci suka ɗauki wannan dabara suka sa ta cikin na'ura. A shekarar 1979 hukumar daidaita ƙa'idodi ta Amurka ta kafa wani kwamiti mai suna X12, aikinsa shi ne tsara harshe ɗaya da na'urorin ƴan kasuwa za su riƙa magana da juna. Kwamitin ya ba kowace irin takarda lambarta: takardar odar kaya 850, takardar farashin kayan da aka kai 810, takardar neman biyan aikin lafiya kuwa 837.

Sai dai samun harshe daban, tilasta wa mutane yin magana da shi daban. Wannan tilas ta zo da dokar da ake kira HIPAA, wadda shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu ranar 21 ga watan Agusta na 1996. An fitar da cikakkun sharuɗɗanta a watan Agusta na 2000, kuma daga ranar 16 ga Oktoba 2003 duk mai aika takardar neman biya ta na'ura, da duk mai karɓarta, ya zama wajibi su bi tsarin X12. Asusun Medicare ma ya daina karɓar takarda ta hannu, sai daga ƙananan gidajen likita waɗanda ma'aikatansu ba su kai goma ba, da wasu ƴan kaɗan da doka ta keɓe. Ya kuma ƙara da kwaɗaitarwa: takardar da ta zo ta na'ura ana iya biyanta tun daga kwana na 14, ta hannu kuwa sai kwana na 29.

Yadda takardar take a cikin na'ura

Takardar 837 iri uku ce: ta likitoci, ta manyan asibitoci, da ta likitocin haƙori. Masu sayar da magani suna da nasu tsarin daban. Wanda ya buɗe takardar karo na farko zai ɗauka shirme ne, amma tana da nahawunta kamar kowane harshe. An raba ta layi-layi. Kowane layi yana farawa da haruffa biyu ko uku masu nuna abin da yake ɗauke da shi, ana raba gurabensa da alamar tauraro, a rufe shi da wata ƴar lanƙwasa. Ga misali na layin da ke faɗin jimillar abin da ake nema:

CLM*A125*150***11:B:1*Y*A*Y*Y~

Haruffan farko suna cewa wannan layin neman biya ne. A125 lambar da gidan likita ya ba takardar ce a littafinsa. 150 shi ne kuɗin, da dalar Amurka, wadda ba ta da alaƙa da dalar tamma biyar ta kasuwannin Nijar. Taurari uku a jere suna nuna an bar gurabe biyu babu komi. Ba a goge gurbin da ba shi da amfani, domin na'ura da ƙirga taurari take gane inda take. In aka cire tauraro ɗaya, sai duk abin da ke biye ya faɗa gurbin da ba nasa ba. Lamba 11 tana nufin an yi aikin a ɗakin duba marasa lafiya na likita. Da a ce kwantar da mutumin aka yi a asibiti, 21 za a sa. Da a ɗakin gaggawa ne, 23. Lamba 1 da ke ƙarshen wannan gurbi tana nufin karo na farko ke nan da aka aiko da takardar. 7 na nufin gyara ce ta wadda aka aiko a baya, 8 kuwa sokewa. Sauran haruffan amsoshi ne na tambayoyi irin su ko likita ya sa hannu, ko maras lafiya ya yarda a bayyana labarinsa ga mai biya.

Kwanan wata yana da layinsa, kuma hanya ɗaya tak ake rubuta shi: shekara da lambobi huɗu, wata da biyu, rana da biyu. Ranar 15 ga Maris 2024 sai ta zama 20240315. Wannan ƙaramin sharaɗi ya kawar da wani tsohon ruɗani, domin idan aka rubuta 03/04, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, Bafaranshe kuwa 3 ga Afrilu.

Layukan ba a watse suke ba, an tara su rukuni-rukuni, daga babba zuwa ƙarami. Rukunin farko na gidan likitan da ke neman kuɗi ne. A ƙarƙashinsa akwai na wanda ya mallaki asiransin, sai na maras lafiya in ba shi ne mai asiransin ba, kamar ɗa ko mata. Daga nan sai takardar kanta, sannan ayyukan da aka yi ɗaya bayan ɗaya. Takardar likita tana iya ɗaukar ayyuka har 50 da cututtuka 12, alhali samfurin hannu layi shida kawai yake da su na ayyuka. Dukan wannan kuma ana naɗe shi cikin ambulan uku, ƙarami cikin babba. Layin farko na babban ambulan tsawonsa harafi 106 ne, ba ƙari ba ragi, kuma shi ke faɗin mai aikawa da mai karɓa. Layin da ke rufe takarda yana faɗin adadin layukan da ke cikinta, kamar yadda direban babbar mota ke isa da takardar da ke cewa buhu nawa aka ɗora masa. In na'urar mai karɓa ta ƙirga ta ga bai cika ba, ta san wani abu ya faɗi a hanya.

Kowace cuta da lambarta

Jeri shi kaɗai ba ya wadatarwa in kowa yana kiran cuta da sunan da ya ga dama. Abin da wani ya rubuta zazzaɓi, wani zai rubuta masassara, wani kuma sunan Faransanci ko na Latin. Saboda haka aka koma ga lambobi. Jerin cututtuka na duniya ya faro ne daga aikin wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, wanda ya tsara dalilan mutuwa a shekarar 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta karɓi ragamar jerin a 1948. Bugu na goma, wanda ma'aikatan lafiya na ƙasashe masu aiki da Faransanci suka sani da CIM-10, an amince da shi a 1990. A cikinsa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, irin wanda ya fi yawa a Afirka, yana ƙarƙashin B50; in ya taɓa ƙwaƙwalwa B50.0 ne. Ƙyanda B05 ce, sanƙarau A39.0, haihuwa ta hanyar tiyata O82. Bugu na 11 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, amma takardun neman biya na Amurka har yanzu na goma suke bi.

Aikin da likita ya yi shi ma yana da lambarsa. A Amurka ƙungiyar likitocin ƙasar ce ta mallaki wannan jeri mai suna CPT, tun 1966, kowane aiki da alama mai gurbi biyar. Lamba 99213, alal misali, duba maras lafiya ne wanda likita ya riga ya sani, a kan matsala mai sauƙi. A cikin takarda, kowane layin aiki yana nuni zuwa ga cutar da ta jawo shi. In aka nemi kuɗin hoton ƙirji alhali cutar da aka rubuta targaɗen ƙafa ce, na'urar mai biya za ta ga ba su dace ba, ta hana kuɗin ba tare da wani ɗan adam ya duba ba.

Likitoci da asibitoci kuma kowa yana da lambar shaida mai gurbi goma, wadda ta zama dole tun watan Mayu na 2007. Gurbin ƙarshe ba na ado ba ne: sakamakon wani lissafi ne da ake yi da sauran tara, ta yadda in magatakarda ya kuskure lamba ɗaya, lissafin ba zai fita ba, na'ura ta tsayar da shi tun a teburinsa.

Canza irin waɗannan ƙa'idodi aiki ne mai nauyi. Lokacin da Amurka ta so barin bugu na tara na jerin cututtuka, mai lambobi kimanin 14,000, ta koma na goma mai kimanin 68,000, sai aka tarar tsohon tsarin takarda ba shi da alamar da ke bambanta bugu biyun, lambar kuma ta ƙaru daga gurbi biyar zuwa bakwai. Dole aka fara da sake tsarin, aka bar wanda ake kira 4010 aka koma 5010 daga 1 ga Janairu 2012. Sabon jerin cututtukan kuwa, bayan an ɗage ranarsa fiye da sau ɗaya, bai fara aiki ba sai 1 ga Oktoba 2015, wato shekara 25 bayan OMS ta amince da shi.

Tafiya da dawowa

Takardar 837 ba ita kaɗai ke kai da kawowa ba. Tun kafin likita ya taɓa maras lafiya, magatakarda yana aika tambaya mai lamba 270: shin asiransin mutumin nan yana da rai? Amsa ta dawo da lamba 271 cikin ƴan daƙiƙoƙi. In aikin mai tsada ne wanda sai da izinin kamfani, akwai 278. Bayan an aika neman biya, saƙo mai lamba 999 yana dawowa ya ce an karɓa kuma nahawun ya yi daidai, ko kuwa ya nuna layin da ya karye. In an ji shiru, 276 ke tambayar inda aka kwana, 277 ta amsa. A ƙarshe sai 835, wadda ke rakiyar kuɗi, tana bayyana abin da aka biya a kan kowane aiki da abin da aka zaftare. Dalilan zaftarewa su ma lambobi ne: 16 na nufin bayani bai cika ba, 18 an riga an aiko da irinta, 27 asiransi ya ƙare kafin ranar aikin, 29 wa'adin aikawa ya wuce. A asusun Medicare wa'adin shekara ɗaya ne daga ranar aiki, wanda ya makara kuwa ya yi aikin Allah da Annabi.

Yawancin gidajen likita ba sa aikawa kai tsaye. Suna bi ta hannun wasu kamfanoni da ke tsakani, waɗanda za a iya kira gidajen tankaɗe. Su ke karɓar takardu daga dubban likitoci, su tankaɗe kurakurai, su gyara jeri, su raba wa kowane mai biya nasa, kamar yadda gidan waya ke rarraba wasiƙu.

Duk da haka, kada mai karatu ya zaci daidaita harshe ya kashe gardama tsakanin likita da mai biya. Wata cibiyar bincike mai suna KFF ta duba alƙaluman kamfanonin da ke sayar da asiransi ta kasuwar gwamnatin tarayya, ta samu cewa a 2021 sun ƙi biyan kimanin kashi 17 cikin ɗari na takardun da likitocin da suke da yarjejeniya da su suka aiko. A ɗaya gefen kuma akwai masu cin amana, waɗanda ke sa lambar aiki mai tsada a madadin ƙaramin aikin da suka yi. Babban kamfanin asibitoci na HCA ya biya gwamnatin Amurka jimillar dala miliyar 1.7 a yarjejeniyoyin 2000 da 2003 kan zarge-zargen zamba irin wannan. Na'ura tana gane takardar da ta karya ƙa'ida, amma ƙaryar da aka jera da kyau sai mai bincike ya je ya buɗe littafin asibiti.

Ranar da rijiya ɗaya ta ƙafe

Haɗarin tara komi a hannu ɗaya ya bayyana a shekarar 2024. Kamfanin Change Healthcare, mallakar rukunin UnitedHealth tun 2022, yana cikin manyan gidajen tankaɗe na Amurka. A lokacin, saƙonni kimanin miliyar 15 ke ratsa na'urorinsa a shekara. Ranar 21 ga Fabrairu wasu ɓarayin intanet suka kulle na'urorin suka nemi fansa. Shugaban rukunin na lokacin, Andrew Witty, ya shaida wa majalisar dokokin ƙasar ranar 1 ga Mayu cewa ɓarayin sun shiga ne da kalmar sirrin da suka sace, ta wata ƙofa wadda ba a sa mata kulle na biyu ba, kuma an biya su dala miliyan 22, wato sama da sefa miliyar 13.

Makonni aka yi takardu ba sa wucewa. Masu sayar da magani sun kasa sanin abin da asiransi zai biya, wasu marasa lafiya suka biya daga aljihu ko suka koma gida hannu rabbana. Ƙananan likitoci sun ci bashi don biyan ma'aikatansu. Kamfanin ya raba rancen kimanin dala miliyar 9 ga asibitoci don su tsaya da ƙafafunsu, kuma daga baya ya bayyana cewa an kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 190. Takardar neman biya tana ɗauke da sunan mutum, da ranar haihuwarsa, da adireshinsa, da cutar da yake ɓoye wa maƙwabcinsa. Duk ƙasar da za ta sa ta cikin na'ura, sai ta tanadi kulle mai ƙarfi da kuma hanya ta biyu da za a bi ran da ta farko ta toshe.

Hanyar Faransa

Faransa ta bi wata hanya, domin a can asusun gwamnati ne ke ɗaukar kaso mafi girma na kuɗin lafiya, masu biya ba su da yawa kamar na Amurka. Da can likita yana cika wata takarda mai ruwan ƙasa, maras lafiya ya aika wa asusu ta gidan waya ya zauna jira. A shekarar 1998 aka fara raba kati mai launin tsanwa mai suna Vitale, a 2007 aka ƙara masa hoto. Maras lafiya ya miƙa katinsa, likita ya haɗa da nasa katin na sana'a, na'ura ta shirya takardar ta sa mata hannun duka biyun, ta aika. Kuɗi kan dawo cikin kimanin mako ɗaya. Irin waɗannan takardu sun wuce miliyar ɗaya a kowace shekara. Tsarin jera su ana ce masa B2, amsar da asusu ke maidowa kuma NOEMIE.

Ginshiƙin tsarin Faransa shi ne lambar mutum mai gurbi 15. Gurbi na farko 1 ne ga namiji, 2 ga mace. Sai shekara da watan haihuwa, da jiha, da gari, da matsayinsa a rajistar haihuwa. Gurabe biyu na ƙarshe makulli ne: a raba lambar da 97, abin da ya rage a cire shi daga 97. Wannan yana nuna cewa takardar asibiti a kan takardar haihuwa take tsaye. Inda ba a rubuta haihuwa daidai ba, mutum ɗaya zai zama mutum uku a cikin na'ura.

Abin da ya shafi Nijar

Ciniki mai mutum uku ba baƙo ba ne a Nijar. A shekarar 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin haihuwa ta tiyata, a 2006 ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki, aka fara aiki da tsarin ko'ina a 2007. Kyauta ce ga uwa da ɗanta, amma ga gidan likita bashi ne da yake bin gwamnati. An tsara cewa shugaban likitar karkara zai tara takardun abin da ya yi, ya aika gunduma, daga nan su wuce jiha, su isa ma'aikatar lafiya a Yamai, sannan baitulmali ya biya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun nuna yadda biyan ya riƙa jinkiri watanni masu yawa, wani lokaci shekaru, har rumbunan magani suka riƙa ƙarewa, iyaye suka koma saye a waje da takardar likita a hannu.

Ƙasar Gana, wadda ta kafa asusun lafiya na ƙasa da dokar 2003, ta sha irin wannan wahala da tulin takardu, har ta samar wa asibitocinta wani tsari na na'ura mai suna CLAIM-it, wanda ke duba kurakurai tun kafin a aika. Amma a Gana ma asibitoci sun ci gaba da kukan jinkirin biya a shekarun da asusu ya yi ƙasa. Na'ura ba ta haifar da kuɗin da babu su a baitulmali. Abin da take yi shi ne ta rage kwanakin hanya, ta hana takarda ɓacewa tsakanin biro da biro, ta kuma sa hukuma ta san a kowace safiya nawa ake binta da kuma wa ke binta. Bashin da aka san adadinsa ya fi sauƙin shiga kasafin kuɗi bisa wanda ke kwance cikin kwali.

Daga abin da ya faru a waɗannan ƙasashe, jami'an da ke da alhakin wannan aiki za su iya ɗaukar tsarin matakai. Amurka ta fara da barin kowa ya sayi na'urarsa ya ƙirƙiro harshensa, ta kwashe shekaru tana gyara. Hanyar da ta fi arha ita ce a fara da yarjejeniya a kan takarda: samfuri ɗaya ga ƙasa duka, jerin cututtuka ɗaya, jerin ayyuka da farashinsu ɗaya, lamba ɗaya ga kowane gidan likita, hanya ɗaya ta rubuta suna da kwanan wata. A kuma wajabta wa mai biya ya ba da shaidar karɓa, ya faɗi dalilin duk abin da ya ƙi biya, cikin wa'adin da doka ta yanka. Bayan waɗannan sun zauna ne sayen na'ura zai yi amfani, tare da tanadin wuraren da wutar lantarki da layin sadarwa ba su da tabbas.

Nauyin farko dai yana wuyan wanda ke riƙe da alƙalami a ƙofar gidan likita. Idan ya rubuta Mamman a wannan wata, Mahamadu a wata mai zuwa, ko ya bar gurbin shekarun yaro babu komi, to babu na'urar da za ta gyara masa. Haka nan uwa ko uban da ya yi yaƙi da jahilci, in ya adana katin ɗansa da takardar haihuwarsa, ya kuma duba abin da aka rubuta kafin ya bar wurin, ya taimaka wa likitar garinsu ta karɓi haƙƙinta a kan kari, ta sayo maganin da wani yaron zai buƙata gobe.